Talata: kalmar da Yaya ta jefi Auta da ita

Yau ma na riga agogon waya farkawa. Kafin gari ya waye sarai na kammala rahoton nan da ke ta ja mini rai tun makon jiya, na yi wanka a nitse, har na samu na taka da ƙafa lokacin da rana ke ɓullowa. Duk ranar da na samu waɗannan sa'o'i biyu na farko, babu kira, babu saƙo, babu mai neman komai a wurina, sauran yinin yakan zo mini da sauƙi. Ina cikin farin cikina har hantsi.

Sai Yaya ta biyo wajen ƙarfe goma, ta tarar Auta bai fito daga ɗaki ba.

"Har yanzu yaron nan yana kwance?" in ji ta, ko zama ba ta yi ba. "Ke da kike tashi tun asuba, a ce a gidanki ake kiwon raggo?"

Na ce, "Yaya, ki zauna tukuna. Hutu suke yi, kuma jiya sai wajen ƙarfe ɗaya na daina jin motsinsa."

"To wa ya hana shi kwanciya da wuri? Wanda ya riga ka kwanciya ai shi zai riga ka tashi. Ke ce kike sangarta shi."

Ashe yana jinmu. Ya fito ya gaishe ta, "Yaya, ina kwana," kansa a ƙasa, ya juya ya koma. Daga nan har la'asar ban ƙara jin muryarsa ba. Wannan shirun nasa ne ya zaunar da ni rubutu yanzu.

Karin maganar Yaya gaskiya ne, ni ma da shi nake aiki. Sai dai ga yaro ɗan shekara 16 kwanciya daban, barci daban. Zai iya kwanciya ƙarfe tara ya yi ta juyi, idonsa a bushe, har sha biyu. Akwai agogo a cikin ƙwaƙwalwar kowa, wani ɗan ƙaramin gungun jijiyoyi ne a saman inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna, kuma shi ke ba da umarnin sakin sinadarin melatonin da ke sanar da jiki dare ya yi. Idan yaro ya balaga, lokacin sakin sinadarin nan yakan ja baya, sai wajen shekara 20 yake fara dawowa a hankali. Ga shi kuma masana barci sun ce matashi mai shekarunsa yana buƙatar barcin sa'a 8 zuwa 10. A lissafa: wanda barci ya ɗauke shi ƙarfe ɗaya, ƙarfe goma bai wuce ƙima ba. Saboda wannan dalili ne ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa kada makarantun matasa su fara darasi kafin 8:30, jihar Kalifoniya kuma ta mayar da hakan doka ga manyan makarantun sakandare, ta fara aiki a 2022.

Na gaya wa Yaya kaɗan daga ciki. Ta ce, "Mu da aka riƙa tashinmu tun duhu, me ya same mu?" Na yi shiru, domin ban son mu yi sa-in-sa yaron yana ji.

Abin da ke damuna da irin wannan magana shi ne yadda ake mayar da lokacin tashi ma'aunin hali. Ni ina son sammako, kuma zan ci gaba da kwaɗaita wa mutane shi, amma na san akwai rabon da aka haife ni da shi. Wani babban bincike da aka buga a 2019, kan mutane kusan 700,000, ya gano wurare 351 a cikin ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da ko mutum na safe ne ko na dare. Kafin nan, a 2017, an ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel saboda gano yadda agogon jiki ke juyawa, a aikin da suka yi kan ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace. Abin da har ƙuda ke ɗauke da shi a jikinsa, ta yaya za a kira shi lalaci idan an gan shi a jikin yaro?

Duk da haka agogon yana matsawa, kuma nan ne nake ganin za mu iya taimakon Auta. Haske ne ke saita shi. Hasken safe yana jawo shi gaba, hasken dare yana tura shi baya, kuma idan an bar shi haka nan, na yawancin mutane yana ɗan ɗara sa'a 24, shi ya sa yin dare ya fi sammako sauƙi. A 2013 Kenneth Wright na Jami'ar Kolorado ya kai wasu mutane zaman mako guda a daji, babu fitilar lantarki, babu waya, sai rana da hasken wuta. Da suka dawo, agogon jikinsu ya matso gaba da kusan sa'a biyu, waɗanda suka saba yin dare kuma su suka fi matsowa. Hasken waje ko da hadari ya ninka na cikin ɗaki sau da yawa. Auta kuwa labulensa a sake yake har azahar, da dare kuma fuskarsa na cikin waya.

Aikin rana bai yi armashi ba. Taro ya ja. Kai ya ɗan sara.

Ina dawowa sai tunanin ya juya kan ita Yayar. Tana tashi tun kafin biyar, kowa ya shaida, tana kuma alfahari da hakan. Amma saƙonninta suna shigo mini sha biyun dare, wani lokaci har ɗaya saura. Ke nan barcinta bai kai sa'a biyar ba, alhali abin da ake so ga babba shi ne sa'a 7 ko fiye. Ga kofi da take sha bayan la'asar, wanda rabin ƙarfinsa na iya kasancewa a jiki bayan sa'a biyar. Tana yawan kukan mantuwa, abu kaɗan ya tunzura ta, yau ma na ga tana hamma tana cikin faɗan. Ƙarancin barci na tsawon lokaci yana da alaƙa da hawan jini da ciwon sukari, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Tashin da aka gina a kan bashin barci sammakon bubukuwa ne, an riga kowa fita amma ba a je ko'ina ba. Raina ya ɓaci ƙwarai da na gane cewa tsakanin su biyun, ita ce ta fi ba ni tsoro.

Bayan magariba na ƙwanƙwasa wa Auta. Na ce, "Auta, ba raggo ba ne kai, ka ji?" Ya ce ya ji, amma bai ɗago ba. Na ce gobe ba zan tashe shi da asuba ba, tara da rabi kawai nake so, mu buɗe labule, mu fita mu taka na minti 20. Bayan 'yan kwanaki mu rage kwata, mu sake ragewa, har mu kai lokacin makaranta kafin a koma, kuma ranar hutun mako ma ba za mu bari lokacin ya zame da nisa ba. Sharaɗi ɗaya: waya ta kwana a falo daga ƙarfe goma. Ya yi jim, ya ce sha ɗaya. Muka tsaya a goma da rabi.

"Amma kada ki gaya wa Yaya," in ji shi. "Za ta ce faɗanta ne ya yi aiki."

Na yi masa alkawari.

Saura ita. Gobe ina so in kira ta kan nata barcin, kuma har yanzu ina neman yadda ƙanwa za ta ce wa yayarta ta ajiye waya ta kwanta ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba. Wataƙila in bi ta wajen Umma.