Kafin ka sayi injin esfireso na gida, juya kwandonsa ka duba

Duk wanda ya taɓa leƙa tallan injin haɗa kofi na esfireso a intanet ya san lambar nan da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali, bar 15, wani ma bar 20, wato ma'aunin matsin ruwan da injin ke turawa, kuma da ita mutane da yawa suke zaɓen inji, su ce ai wannan ya fi wancan ƙarfi. To ni gaskiya wannan lambar ba ta cikin abubuwan da nake kallo. Esfireso matsin bar 9 ko kusa da haka yake so. Tun 1961 da kamfanin Faema na Italiya ya fito da injinsa E61 mai famfon lantarki aka zauna a kan haka, kafin nan kuma, a ƙarshen shekarun 1940, Achille Gaggia ne ya kawo inji mai hannun da ake ja ƙasa sai sifirin ya tura ruwan da ƙarfi, a lokacin ne aka fara ganin kumfar nan mai ruwan ƙasa-ƙasa a saman kofi. Bar 15 ɗin iyakar abun da famfon zai iya ne idan an toshe masa hanya gaba ɗaya, kofinka bai buƙatar haka. Injina masu kyau ma akwai wani ɗan bawul a cikinsu wanda aikinsa kawai ya mayar da rarar ruwa cikin tanki in matsin ya wuce ƙima.

Inda nake so mutum ya fara sa ido shi ne mariƙin nan mai hannu da ake zuba garin kofi a ciki a murɗa shi a bakin injin, masu harkar suna ce masa fotafilta. A cikinsa akwai ɗan kwandon ƙarfe da ake iya cirewa, to ciro shi ka juya bayansa ka ɗaga wajen haske. In ka ga huji ɗaya tal a tsakiya, wannan mai bango biyu ne, an yi shi ne don ya matse ruwan da kansa ta wannan hujin, ko wane irin gari ka zuba sai ya ba ka kumfa a sama, ko da garin ya yi wata shida a leda. Kumfar iska ce kawai, kafin ka kai kofin baki ta fara faɗuwa. In kuma ka ga ƙananan huji birjik sun cika ƙasan, to wannan ne na ainihi, a nan garin kofin ne da kansa yake tare ruwan, laushinsa da yadda ka danne shi su ne za su yanke ko ruwan zai wuce da gudu ko a hankali. Ba wai ina raina mai huji ɗayan ba ne fa, wanda garin kanti kawai yake samu shi ya fi dacewa da shi, don na ainihin in ka zuba masa garin kanti sai ruwan ya tsiyaye cikin sakan goma ya fito salam da tsami. Amma dai mutum ya san wanne ne a hannunsa, kar ya yi ta mamakin me ya sa nasa bai yin ɗanɗanon na shagon kofi.

Sai faɗin kwandon, nan ne kuɗin mutane ke yawan salwanta. Na injinan Gaggia Classic da Rancilio Silvia milimita 58 ne, irin na manyan injinan shago, shi ya sa kayansu ba sa wuyar samu. Breville Barista Express 54 ne, De'Longhi Dedica kuma 51. Madanni, wato abun danne gari a cikin kwando, na 58 ba zai shiga kwandon 54 ba, na 51 kuma zai yi ta lilo a cikin 58 ya bar gefe-gefe ba a danne ba, kuma ko faɗin ya zo ɗaya kunnuwan mariƙin da ke kama bakin inji sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka kar ka yi odar komai sai ka tabbatar da sunan injinka a jikin tallan.

Yanzu ga abun da ya fi damuna, injin niƙa. Mutum zai tara kuɗi ya sayi injin esfireso mai tsada, in aka zo niƙa sai ya ce ai akwai bilenda a kicin. Wallahi bilenda ba ta yi. Wuƙarta sara take yi, wani ya zama ƙura wani ya tsaya tsaki-tsaki, ƙurar ta ba ka ɗaci tsakin ya ba ka tsami duk a kofi ɗaya. Kai wa mai niƙan unguwa kuma kar ma a fara, injin da ya gama da barkono da citta da daddawa ne, kofi kuwa yana ɗaukar ƙamshin duk abun da ya raɓa. Wanda ake buƙata shi ne mai haƙora biyu na ƙarfe da suke murƙushe ƙwayar a tsakaninsu, kuma ana iya matso su ko a buɗa su kaɗan-kaɗan. Wannan kaɗan-kaɗan ɗin shi ne duk harkar. Ma'aunin da yawanci ake farawa da shi giram 18 na gari, a samu giram 36 na kofi a kofin, cikin sakan 25 zuwa 30. Ya fito da wuri, ka ƙara laushi. Ya tsaya yana ɗiga da ƙyar, ka rage. In injin niƙanka bai iya wannan ɗan motsin, to duk tsadar injin esfireson babu abun da za ta gyara maka. Da za a ba ni zaɓi tsakanin inji mai tsada da garin kanti, ko matsakaicin inji da injin niƙa mai kyau, na biyun zan ɗauka ba tare da na tsaya tunani ba. Akwai na hannu ma da ake juyawa, masu haƙoran ƙarfe, suna yi sosai kuma ba ruwansu da wuta, sai dai ka tabbatar wanda aka yi don esfireso ne, kuma ka shirya hannunka zai ji a jiki da safe.

Sikeli ƙarami mai auna har 0.1 na giram, wannan dole ne, cokali ba ya faɗin gaskiya. Madanni na ƙarfe daidai faɗin kwandonka shi ma dole, don wanda ake sakowa cikin kwali a injina da yawa na roba ne mara nauyi. Ba ƙarfi ake nema wajen dannawa ba, a kwance daidai ake so, kar gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Dalili kuwa, ruwa mai matsin bar 9 kamar ruwan sama ne a gona mai gangara, inda ya samu sassauci nan zai yanka kwazazzabo ya bi, sauran garin ko jiƙewa da kyau bai yi ba. Shi ya sa ake amfani da ɗan abun nan mai siraran allurai a motsa garin a warware dunƙule kafin a danne, arha gare shi kuma yana aiki. Sauran tarkacen da ake tallatawa, tabarmar dannawa, akwatin buga tsohon gari, mariƙi mara ƙasa da ke nuna yadda kofin yake zubowa, duk za su iya jira.

Wajen dafa ruwan iri-iri ne. Ƙananan injina suna da ƙarfe mai hita da ruwa ke ratsawa ta cikinsa ya yi zafi a hanya, suna shiryawa da wuri amma zafin yana ɗan hawa da sauka. Wasu tukunya ɗaya gare su, ita ke dafa na kofi a wajen digiri 90 zuwa 96, ita ke yin tururin madara, sai ka jira ta ƙara zafi tsakanin biyun. Masu tukunya biyu suna yin duka a lokaci ɗaya, kuɗinsu kuma ba a magana. A nan ne maganar wuta ta shigo, don hitar nan yawanci wat 1000 zuwa 1500 take ja, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, mai sola kuma ya duba ƙarfin inbatarsa tukuna. Sannan don Allah mai sayen na gwanjo ko wanda za a aiko masa daga waje ya karanta takardar da ke manne a ƙasan injin. Na Amurka da Kanada volt 120 ne, mu kuwa a Najeriya da Nijar da Ghana 220 zuwa 240 muke, jona shi kai tsaye ƙona shi ne nan take, sai da babban taransifoma mai rage wuta. Na Ingila da Turai su ne suka dace da mu, a can Breville sunansa Sage.

Bututun tururi, wasu an sa musu riga mai ɗan huji da ke shaƙar iska da kanta, kumfar ta fito manya-manya. Wanda babu rigar yana buƙatar koyo amma shi ke ba da kumfa mai laushi. Madara ta fito daga firji da sanyinta, ka tsaya a wajen digiri 60 zuwa 65, wato da jug ɗin ƙarfen ya fara gagarar tafin hannunka. Ka goge bututun nan take ka saki tururi kaɗan, madara in ta bushe a ciki sai an sha wahala.

Abun da ke ba ni takaici shi ne injinan da ake jefarwa a sito a ce sun lalace, alhali zoben roba ne kawai ya mutu. Leƙa ƙarƙashin bakin injin, inda mariƙi ke shiga, za ka ga zoben, wato gasket, da wani faifan ƙarfe mai huji-huji da ke watsa ruwa a kan gari. Zafi yana busar da robar ta taurare ta tsage, sai ka ga ruwa yana zubowa ta gefen mariƙi. Canza ta kawai ake yi, kamar sau ɗaya a shekara in kullum ana amfani, na silikon ma ya fi daɗewa. Faifan kuma a injina da yawa sukuru ɗaya ne ke riƙe da shi, kwance ka wanke baƙin man kofin da ya taru a bayansa, shi ne ke sa kofi ɗanɗanon tsohon abu. Injinan da ke da bawul mai hanya uku, wato mai sakin ragowar matsi in an gama haɗa kofi, irin su Gaggia Classic da Silvia, ana sa musu kwando mara huji da garin wanki na musamman a wanke cikin bakin, wanda babu wannan bawul ɗin kuma ba a yi masa haka.

Sai ruwa. Farin ɓawon nan da kake gani ya kama cikin butar lantarki in ana dafa ruwan rijiya ko na burtsatse, shi ne yake kamawa a cikin siraran bututun injin har ruwa ya daina wucewa. In butarka tana saurin yin fari to kar ka zuba wa injin wannan ruwan, nemi wanda aka tace mara nauyi, kuma ka riƙa wanke cikin da maganin da littafin injin ya ambata. Ranar da za ka yi odar inji ka haɗa da gasket biyu da wannan maganin a kwali ɗaya, don kuɗin aiko zoben roba ɗaya daga waje sau da yawa ya ninka kuɗin zoben kansa.