Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har fayiloli suka daina ɓata

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Alhamdulillahi, manhajar da muke taskace sautin karatun malamanmu da ita ta dawo aiki, kuma yanzu tana buɗe kowane fayil ko a Windows kake, ko Linux, ko macOS. Da yawanku kun ga halin da muka shiga gab da azumi, lokacin da mai sauraro zai danna karatu a ce masa babu fayil, alhali fayil ɗin yana nan daram. Wajibi ne in fito fili in yi godiya.

Farko ga yayanmu Injiniya, wanda ya bar barcinsa ya bi rubutun manhajar layi-layi. Shi ya nuna mana cewa an rubuta hanyoyin fayil da hannu, irin na Windows, da sandar nan mai jingina baya, kamar sauti\tafsiri. Tun daga MS-DOS 2.0, tsohon tsarin Microsoft da ya fito a 1983, Windows ta gaji wannan alama, don a lokacin an riga an ba ɗaya sandar, wato /, wani aiki wajen ba da umarni. Ita kuwa Linux da ke kan sabarmu, wato kwamfutar da ke riƙe da fayilolin, / take raba folda da ita, kuma \ a wurinta harafi ne kawai a cikin suna. Ga wata rigimar a kai: a Python, yaren da aka rubuta manhajar da shi, \t alamar tsallake ce, don haka t ɗin tafsiri ma haɗiye shi ake yi. Injiniya ya mayar da komai kan pathlib, wadda ta shigo Python 3.4 a 2014, ita ke haɗa hanya yadda kowace kwamfuta take so. Ya kuma sa duk abin da za a adana a rumbun bayanai ya tafi da / kaɗai. Allah ya saka maka da alheri, Yaya, ya ƙara buɗi.

Sai ƙanwarmu ɗalibar jami'a, wadda ta gano abin da ya fi ba mu wahala. Jerin sunayen karatuttukan da tsarin adana haruffa na UTF-8 aka rubuta shi, amma idan Python ya buɗe shi a Windows ba tare da an gaya masa ba, sai ya karanta da tsohon tsarin cp1252, wanda bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Duk sunan da ke da baƙi mai ƙugiya sai ya dagule, fayil ya ɓace. An so a share ƙugiyoyin a huta, ta ce ba za a lalata rubutun Hausa don a faranta wa na'ura ba, a dai rubuta encoding="utf-8" duk inda ake buɗe jerin. Gaskiyarta ce, kuma na ji daɗin da ta tsaya a kai. Allah ya ba ki ilimi mai albarka.

Ban manta da masu gwaji ba. Ku kuka lura Windows ba ta bambanta Tafsiri.mp3 da tafsiri.mp3, Linux kuwa fayil biyu take ɗaukarsu. Ku kuka kamo sunayen da aka saka lokaci a ciki kamar 10:30, waɗanda Windows ba ta karɓa sam, da hanyoyin da suka zarce iyakar nan ta haruffa 260. Da datarku kuka yi, ba wanda ya nemi ko sisi.

Iyayenmu da ke jiran karatu, kun yi haƙuri, kuna turo hoton allo maimakon faɗa. Mun gode ƙwarai.

Roƙona ga masu ɗora sabon karatu: a rubuta suna da ƙananan baƙaƙe, kada a saka : ko ? ko *, a raba kalmomi da karan ɗori. Ƙugiya kuwa a bar ta inda take. Allah ya karɓi aikin kowa, ya sa a mizani, amin.