Yadda Sa'a Guda Ta Rikita Lissafin Shagon Yadi a Sakkwato

An ba ni aikin gyara manhajar lissafi ta wani shagon yadi da shadda a cikin garin Sakkwato, wadda take aiki a cikin burauza, yaran shago suna shigar da ciniki ta wayoyinsu na Android, shi kuma mai shagon yana duba rahoton kowace rana a tsohuwar iPhone ɗinsa. Ƙorafe-ƙorafensa biyu ne. A wayarsa, inda ya kamata lokacin ciniki ya fito, sai ya ga an rubuta "Invalid Date". Na biyun ya fi nauyi: a goman ƙarshe na azumi, lokacin da ake cinikin kayan Sallah har bayan tsakar dare, kuɗin da ke cikin aljihun tebur ba ya dacewa da jimillar da manhaja ta bayar. Ya ce mini, "Malam, ko dai na'urar nan tana ƙarya, ko kuma yaran nan suna taɓa mini kuɗi." Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri kada a tuhumi kowa tukuna, a bari in duba yadda take karanta lokaci."

Matsala ta farko ba ta ɗauke ni lokaci ba. Rumbun bayanai na MySQL yana fitar da lokaci kamar haka: 2024-04-05 00:30:00, da tazara tsakanin kwanan wata da sa'a. Ƙa'idar JavaScript (harshen da ake rubuta manhajar burauza da shi), wato ECMAScript, ta tilasta wa kowace burauza fahimtar siga guda ce, wadda aka ɗauko daga ma'aunin duniya na rubuta lokaci, ISO 8601, mai harafin T a wurin wannan tazarar. Duk abin da ya saɓa wa wannan siga an bar wa burauza ta yi yadda ta ga dama, shi ya sa Chrome take karɓar tazarar ba tare da gardama ba, tsofaffin Safari kuwa, wato burauzar iPhone, suke ƙin ta. Canza burauza a wayar Alhaji ba zai yi amfani ba, domin Chrome ta iPhone ma a kan injin WebKit na Safari take tafiya.

Sanya T kaɗai bai isa ba, kuma a nan ne tarihin ƙa'idar ya zama abin da dole mai wannan sana'a ya sani. Bugun ECMAScript 5.1 na 2011 ya ce lokacin da ba a nuna yankinsa ba a ɗauke shi a matsayin UTC, wato agogon bai ɗaya da ake auna lokutan duniya da shi. Bugun 2015 ya juya ya ce a ɗauke shi a matsayin lokacin gida. Daga bugun 2016 aka tsaya a kan sulhun da har yau yake rikita mutane: kwanan wata tsura, kamar 2024-04-05, UTC ne, amma idan aka haɗa shi da sa'a ba tare da alamar yanki ba, to lokacin gida ne. Burauzoji ba su koma kan wannan tsari a lokaci ɗaya ba, kuma Safari ta daɗe tana bin tsohon karatu, don haka rubutu guda yana iya zama ƙarfe 12:30 na dare a wata waya, ya zama 1:30 a wata.

Ɓatan kuɗin kuwa daga wani layi guda ya fito. Domin a san ranar da ciniki ya faɗa, manhajar tana kiran toISOString() sannan ta yanke haruffa goma na farko. Wannan umarni kullum da UTC yake amsawa, Najeriya kuma tana gaban UTC da sa'a ɗaya duk shekara. Na ɗauko rasit na yadi biyar na shadda da aka sayar da ƙarfe 12:30 na dare, wato 5 ga Afrilu ta riga ta shiga, na ga manhaja ta mayar da shi 2024-04-04T23:30:00.000Z, ta jefa shi cikin lissafin 4 ga wata, wanda aka riga aka rufe a manhaja. Duk cinikin da aka yi tsakanin sha biyu da ƙarfe ɗaya na dare haka yake komawa jiya. A sauran watanni shagon yana rufe a wannan sa'a, shi ya sa babu wanda ya taɓa lura. Da na haɗa waɗannan rasit ɗin, lissafi ya fito daidai har naira ta ƙarshe, kuma na ga yadda fuskar babban yaron shagon ta saki.

A ganina kusancinmu da UTC shi ne yake yaudararmu. Mai rubuta manhaja a Amurka yana ganin kwanan wata tsura ya koma jiya tun gwajin farko, mu kuwa yana fito mana ƙarfe ɗaya na dare a ranar da muke so, sai mu ɗauka komai lafiya. Haka ma idan abokin ciniki yana Ingila: a lokacin zafinsu agogonmu ɗaya ne, sai ƙarshen Oktoba su koma baya da sa'a guda, kuskuren ya bayyana. Akwai kuma 05/06/2024, wanda mu muke nufin 5 ga Yuni, burauza kuma ta karanta shi 6 ga Mayu bisa al'adar Amurka.

Gyaran da na yi bai da yawa. Sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan, tana ajiye kowane lokaci da UTC, tana kuma aika shi da T da kuma Z, alamar UTC, a ƙarshe, ta yadda ba a bar wa burauza abin da za ta yi hasashe a kai ba. Wajen nunawa ina amfani da Intl.DateTimeFormat, umarnin JavaScript na tsara yadda lokaci zai fito, tare da ambaton yankin Africa/Lagos ƙarara, domin ko Alhaji ya tafi Umara, inda agogon Saudiyya yake gaban namu da sa'a biyu, rahoton ya ci gaba da bin agogon Sakkwato. Ranar ciniki kuma na ware ta a matsayin rubutu mai zaman kansa wanda ba ya bi ta cikin Date, ɓangaren JavaScript mai sarrafa lokaci, ko kaɗan, bayan na tambayi Alhaji ƙarfe nawa ranarsa take ƙarewa. Ya ce sai an rufe shago, ko da ƙarfe biyu ne, amsar da babu burauzar da za ta iya sani.

Date na JavaScript an kwaikwayo shi ne daga wani harshen rubuta manhaja mai suna Java a 1995, kuma magajinsa mai suna Temporal, wanda ya raba kwanan wata tsura da lokaci mai yanki, ya fara fitowa a Firefox a 2025. Amma wayoyin da ke hannun mutanenmu za su daɗe ba su same shi ba, don haka yanzu ba na miƙa aiki sai na gwada shi a tsohuwar iPhone, na kuma mayar da agogon kwamfuta ƙarfe 12:30 na dare na shigar da ciniki na gwaji.