Tsatsar bututun intakula: abin da aikin gareji ya koya mini a Damagaram

Wanda ya tashi a Damagaram ba ya tsoron tsatsa, kuma yana da hujjarsa. Daminarmu wata uku ce zuwa huɗu, sauran shekara iska a bushe take, ƙarfe sai ya daɗe a tsakar gida bai ruɓe ba. Shi ya sa za ka ga makanike ya kwance bututun ƙarfen da ke tsakanin turbo (na'urar da ke matse iska ta tura wa inji) da intakula (wadda ke sanyaya iskar), ya leƙa ya ga cikinsa ya yi ja, ya goge bakin da tsumma, ya mayar. Aikin Hilux da Land Cruiser masu bin hanyar Tanut da Agadas ya koya mini cewa wannan bututun ba a yi masa haka, domin duk abin da ya ɓare a cikinsa hanyar inji zai bi.

Iska tana bi ta matata ne kafin ta kai turbo. Daga nan har cikin silinda babu sauran abin da zai tace komai. Turbo na matse iskar, zafinta ya wuce digiri 100, ta bi bututu zuwa intakula ta huce, ta bi wani bututun ta shiga inji. Ɓawon tsatsar da ya saki a bututun farko yakan maƙale a siraran hanyoyin intakula ya rage mata numfashi. Wanda ya saki a na biyu kuwa kai tsaye yake wucewa kan bawul da zobban fistan, yana gurzar bangon silinda kaɗan-kaɗan. Mai mota ba zai ji komai a ranar ba. Sai an kwana biyu ya dawo yana cewa inji ya fara shan mai.

To ina ruwan da ke jawo tsatsar yake fitowa a garin da ake sayen ruwa a jarka? Wani ruwan daga Turai ya taho. Motocin hannu da ake saukewa a Kwatano da Lome da yawansu sun yi shekaru a kan titunan da ake barbaɗa wa gishiri saboda ƙanƙara, sannan sun sha iskar teku a tasha. Wani kuma a nan yake samuwa: cikin watan Agusta iska na ɗauke da laima, idan aka matse ta aka sanyaya sai ta bar raɓa a cikin bututu. Ga masu wankin mota da ke feshe inji da ruwa mai ƙarfi, ruwan ya kwanta a ƙarƙashin bakin tiyo inda rana ba ta kaiwa. Amma abin da na fi lura da shi shi ne bututun da ya zo da mota bai cika yin tsatsa a ciki ba, saboda tururin man inji na shafe shi. Wanda ke ba mu wahala shi ne wanda aka haɗa a gari bayan na asalin ya fashe, da guntun bututun salansa ko na ruwan famfo. Na famfo yana da rufin zinki mai hana tsatsa, amma wutar walda na ƙone rufin daidai wurin haɗin, kuma daga nan tsatsar ke farawa. Hayaƙin zinkin ma yana sa mai walda zazzaɓi, don haka a fili ake yin wannan aikin, ba a cikin shago ba.

Wajen cire tsatsar, maiƙo ake fara fitarwa, domin asid ba ya ratsa mai. Kananzir, sannan ruwan zafi da omo. Bayan haka a toshe baki ɗaya, a cika bututun da ruwan kal, wanda asid ne marar ƙarfi, a bar shi ya kwana. Ba ya sauri, amma ba ya cinye ƙarfe mai kyau da gaggawa. Wanda ya samu maganin tsatsa mai asid na fosforik ya fi, domin yana barin wani baƙi-baƙin rufi da ke jinkirta dawowarta. Ruwan batir da asid ɗin wanke tayil ba na yarda su shiga garejina don wannan aikin. Suna fito da ƙarfe fari tas cikin ɗan lokaci, yaro ya yi murna, amma sun ci bangon bututun, kuma na wanke tayil yana barin abin da ke jawo sabuwar tsatsa.

Inda aikin yake lalacewa shi ne sa'ar da ke biyo bayan zubar da asid. Ƙarfen da aka tuɓe haka yakan fara yin ja tun bai gama bushewa ba. Dole a ɗauraye, a bi da ruwan bikarbonat (bekin soda) ya kashe sauran tsamin, a sake ɗaurayewa, a hura da iskar kwamfresa, a shanya a rana, nan take a shafe cikin da man inji sirit. Ba aikin da ake farawa ba ne ana shirin tafiya sallar Juma'a. Kanwa ma tana kashe tsami, ga ta da arha a kasuwar Dole, sai dai tana zuwa da gishiri da ƙasa, kuma gishirin shi ne abin da muke gudu.

Akwai masu zuba yashi ko tsakuwa a ciki su girgiza. Yana kankarewa, ban musa ba. Amma wa zai rantse ƙwayar yashi ɗaya ba ta maƙale a lungun walda ba? Guntun sarƙa nake sa yara su yi amfani da shi, tunda abu ɗaya ne, yadda ya shiga haka zai fito. Fenti kuma na waje ne kawai, a fara da na hana tsatsa, a kai shi har bakin da tiyo ke hawa. A ciki ba na sa shi. Zafi da mai za su ɗaga shi wata rana, ya zama wani ɓawon da inji zai haɗiya.

Wani bututun ba ya gyaruwa. Idan bayan wanki ka ga bangonsa ya yi ramuka, a toshe shi a ba shi iska kamar bar ɗaya a ma'aunin kwamfresa, kusan ƙarfin da turbo ke bayarwa, a shafa ruwan sabulu a ga ko zai yi kumfa. Ƙaramin rami ya isa ya sa mota ta rasa ƙarfi a hawa, ta riƙa fito, ta yi baƙin hayaƙi. Nan ne ake jan magana da masu mota.

“Malam, a ɗan taɓa shi da walda mana, gobe da asuba zan yi lodi.”

“Alhaji, in na toshe wannan, na kusa da shi zai buɗe, kuma ba a gari zai buɗe ba. Ka yi haƙuri a nemo wani.”

Ba na jin daɗin ƙara wa mutum kashe kuɗi, na san yadda ake samunsu. Amma motar da ta mutu bayan Tanut da fasinja a cikin zafin bazara ba maganar kuɗi ba ce kuma. Bututun alminiyom ko na inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, yakan samu a wurin masu kayan motocin da aka kwance, in babu a nan a aika Ƙofar Ruwa a Kano. A duba bakinsa yana da ɗan tudun da ke riƙe tiyo, in ba haka ba iskar turbo za ta fizge shi.

Duk ranar da aka wanke bututu, intakular ma a sauke ta, domin ɓawon da ya riga ya saki yana cikinta. Ita alminiyom ce, kanwa da soda mai kaifi suna cin ta. Kananzir da ruwan sabulu sun isa, a zuba ta bakin da iska ke fita don dattin ya koma ta inda ya shigo, kuma kada a ɗaura ta sai ta bushe sarai, ba sauran kananzir a ciki, domin injin gazuwal na iya zuƙe shi ya tashi da gudun da makulli ba zai kashe ba.