Gwaji na nuna kore, saba kuwa a mace

Har yanzu abin na ci mini rai. Manhajarmu a kan OSGi take (tsarin Java da ke raba manhaja gida-gida), cikin Apache Karaf (mazubin da ke tafiyar da ita), sabis ɗin da ke lissafa farashi kuma yana wata saba (server) daban, shigo da shi kawai muke yi ta Remote Service Admin, ɓangaren OSGi mai kula da sabis na nesa. Gwajinmu na Pax Exam (kayan gwada manhajojin OSGi) yakan nemi sabis ɗin a rajista, wato jerin sabis na OSGi, ya kira shi, ya duba amsa. Kullum kore yake fitowa, alamar an ci gwajin, kowa hankalinsa kwance.

Asiri ya tonu ne ranar da aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, sabar can ta mutu murus. Na kunna gwajin a kwamfutata, sai ga shi kore kamar kullum. To wa ke amsa mini?

Ashe wani bundle ne (ɗan ƙunshin manhaja a OSGi) na bogi da wani abokin aiki ya saka tun farkon aiki, aka manta da shi. Interface ɗinsu, wato sigar da ake kiransu da ita, ɗaya da na gaske, amsar da gwajin ke jira ita ya haddace. Ƙa'idar OSGi kuwa, in sabis biyu suka dace da abin da ka nema, mai service.ranking mafi girma ake ba ka. In sun yi kunnen doki, sai mai ƙaramin service.id, wato wanda ya riga rajista. Na bogin tare da Karaf yake tashi. Na gasken sai ZooKeeper, manhajar da ke shelar sabis na nesa, ya sanar da shi kafin a gina masa proxy, wato wakilinsa a wajenmu. Yaushe zai riga shi? Duk tsawon lokacin nan da kanmu muke hira.

Abin haushin, maganin layi ɗaya ne. Duk sabis ɗin da aka shigo da shi daga nesa yana ɗauke da alamar service.imported, don haka na sa matatar (service.imported=*) a gwajin. Na kuma sa ServiceTracker, mai sa ido kan sabis a rajista, ya jira da waitForService, tunda proxy ba ya zuwa nan take.

Ganin proxy a rajista ma bai ishe ni ba yanzu. Akwai gwaji na biyu da ke kashe sabar da gangan: ko dai kiran ya faɗi, ko sabis ɗin ya ɓace daga rajista. In har amsa ta dawo lafiya lau, gwajin ja yake nunawa, kuma lambar (code) ba ta shiga babban reshen manhajar.