Yau an ce mini ban shirya ba

Ƙarfe ɗaya saura na dare, gida ya yi tsit, ni kuwa idona biyu. Kafaɗata ta dama tana zugi, wannan zan iya jurewa. Abin da ya hana ni runtsawa magana ce guda da wata baiwar Allah ta yaɓa mini ɗazu da yamma a bakin tafkin koyon nutso, tana kwance tiyo daga jikin silinda, ko ɗago kai ba ta yi ba: "Malam, ba ka shirya ba tukuna."

Nutso 140 ne a littafin da nake rubuta kowane nutso da na yi. Na sake ƙirgawa bayan na dawo, kamar wani zai ƙaru.

Da safe kuwa cikin fara'a na fita. Kun dai san tun bara nake damun ku da zancen nutson tek, wanda ake wuce mita 40 ɗin da aka shata wa masu nutson shaƙatawa, a ɗauki iska fiye da kala ɗaya, kuma ba a fitowa kai tsaye sai an yi ta ya da zango a hanya har jiki ya sauke naitirojin da ya sha. Yau na ware don in zaga wuraren koyarwa biyun da na tace daga cikin biyar. Mutumina, abokin nutsona, ya yi alkawarin raka ni, gari na wayewa ya turo saƙo wai aiki ya taso. Halinsa ne. Na tafi ni kaɗai da 'yar takardar tambayoyi a aljihu.

Wurin farko ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Kaya reras a bango, komai sai sheƙi, ga hotunan mutane rataye da silinda huɗu-huɗu kamar masu shirin zuwa wata. Mai koyarwar ya tarbe ni hannu bibbiyu. Ya buɗe littafina, ya duba shafin ƙarshe kawai ya rufe. "Yallaɓai, ai kai ka wuce nan. Ƙa'idar kwas ɗin nutso 25 ce, kai ga ka da 140. Kwana huɗu katin shaidarka na hannunka." Daɗi ya kama ni har kunne. Wa ya ƙi a yabe shi?

Sai na zaro takardata. Na tambaye shi yaushe rabonsa da ya yi irin wannan nutso don kansa, ba tare da ɗalibai ba. Ya yi dariya ya ce ai kullum yana cikin ruwa. Na ce ɗalibai nawa yake shiga da su lokaci guda. Ya ce ya danganta. Na ce ko ya taɓa hana wani kati. Nan ma dariya: "Ɗalibaina ba sa faɗuwa, yallaɓai." Daga nan ya ja ni wajen kaya ya fara nuna mini abin da zan saya kafin ranar farko, kuma duk abin da ya nuna sai ka ga shi ne aka jera da yawa a shagon.

Ina fita na hangi wata 'yar silinda jingine a lungu kusa da ƙofar ɗakin cika iska. Na sunkuya na duba. An manna mata salatif an rubuta 50 da biro, shi ke nan. Babu kwanan wata, babu sunan wanda ya auna, babu zurfin da ba a wucewa da ita. Gefen salatif ɗin har ya ɗaye ya yi baƙi. Iskar da rabinta oksijin ce, abin da 50 ɗin ke nufi ke nan, iyakarta mita 21, kuma a manyan lambobi ake rubuta hakan yadda abokin nutsonka zai karanta daga nesa. Mutum ya yi kuskure ya shaƙe ta a mita 45, matsin oksijin ɗin ya kai 2.75, alhali 1.6 ne ƙarshen abin da ake yarda da shi ko a zango. Jijjiga irin ta farfaɗiya ce ke biyo baya, abin shaƙa ya fita daga baki, sauran kuma ba sai na faɗa ba. Wataƙila silindar fanko ce tana jiran a wanke ta. Wataƙila. Ban tambaya ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke cina.

Wuri na biyu sai da na wuce shi na dawo. Ƙaramin ɗaki, benci guda, injin cika iska yana ta ƙara a baya. Takardar gwajin tsaftar iskar injin tana manne a bango da kwanan watanta, na'urar auna oksijin kuma a ɗaure da igiya jikin teburi, kusa da wani littafi da duk wanda ya karɓi silinda sai ya auna da hannunsa ya sa hannu. Malamar ba ta tashi ba da na shigo, tana gyaran wani bawul ne, wato mabuɗin iskar silinda. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Ta ce in zauna, ta goge hannu, ta karɓi littafina. Ita daga shafin farko ta fara.

Minti kusan ashirin tana karantawa ina zaune kamar wanda ya zo neman aiki. Can ta ce, "Cikin 140 ɗin nan, nawa ne ka yi da silinda biyu a baya?" Na ce babu. "Nawa ne a ruwan da ba ka ganin tafin hannunka?" Na ce biyu ko uku. "Iska nawa kake sha a minti?" Na yi shiru. Na san akwai lissafin, na taɓa yi sau ɗaya, ban riƙe ba. Ta ce a mita 45 abin da nake sha a sama sai ya ninku sau biyar da rabi, to in ban san na saman ba, da me zan tsara na ƙasan? Sannan ta jefo wadda ban shirya mata ba: "Me kake nema a can ƙasan?"

Na fara kame-kame. Na ce jiragen ruwan da suka nutse, na ce sha'awa. Ta gyaɗa kai kawai. Har yanzu ban san ko amsar ta gamsar da ita ba, ni dai ba ta gamsar da ni ba.

Da na samu sarari na zaro tawa takardar. Rabonta da nutso don kanta makon jiya, ta faɗi zurfin da iskar da ta ɗauka ba tare da ta yi tunani ba, har da hiliyam nawa ta haɗa don kada maye irin na naitirojin ya ɗebe ta. Ɗalibai biyu take ɗauka, uku in ta san su. Ɗakin matsin iska mafi kusa, inda ake kai wanda kumfar naitirojin ta kama, ta faɗi sa'o'in tafiya zuwa can, ta nuna mini jakar oksijin ta agajin gaggawa a ƙarƙashin bencin da nake zaune a kai. Na ce ta taɓa hana wani kati? Ta ce, "Kuɗin koyarwa kake biya, Malam. Katin kuwa kai za ka ciyo shi. Akwai waɗanda suka tafi da fushi, wasunsu sun dawo."

Na kawo zancen ƙungiyoyin da ke ba da katin nutso, tunda na yi watanni ina karance-karance a intanet har kaina ya ɗau zafi: TDI da aka kafa a 1994, GUE ta 1998 da tsarinta na kowa ya sa kaya iri ɗaya ya yi nutso a matsayin tawaga, IANTD, ga kuma PADI da matakanta na Tec 40, Tec 45 da Tec 50. Na ɗauka za ta tsaya tallata tata. Ta ce kowacce tana da ƙa'idojinta a rubuce, in karanta su in riƙe malamina da su, amma in sani ƙa'ida mafi ƙarancin abin da za a yi ce, kuma mutum ne zai kasance a gabana ranar da iska ta fara tsiyaya a mita 40. Daga nan ta ce tunda na zo da kayana a mota, mu shiga tafki ta gan ni.

To, a nan ne aka yi ta.

Ta ɗora mini silinda biyu haɗe a baya, ta naɗa mini doguwar tiyo mai mita biyu ta bayan wuya, wadda ake miƙa wa abokin da iskarsa ta ƙare. Ta ce abu uku kacal take so. In tsaya cak a mita uku, a kwance shamɓal, ba motsi, minti biyar. In kai hannu baya in rufe bawul ɗin dama in buɗe. In cire gilashin fuska in mayar. Na yi murmushi a raina, na ce wannan ai na 'yan koyo ne.

Tsayuwar farko na ɗauka na yi ƙoƙari. Da aka zo bawul, na kai hannu baya, yatsuna suka shafi gefensa suka zame. Na ƙara miƙa, na danne numfashi ban sani ba, na gantsare. Ina samun kama shi, na fara murzawa ke nan, sai na ji iska a ƙeyata. Kaina ya fito sama. Na koma na sake, wannan karon gwiwoyina suka daki daɓen tafkin. Ita kuwa tana gabana kamar an rataye ta da zare, ko takalmin nutsonta bai motsa ba, 'yar kyamara a hannunta.

Da muka fito ta nuna mini hoton. Wallahi da ba don na gane rigata ba da na rantse ba ni ba ne. A tunanina a kwance nake. A hoton kuwa kamar mai hawan tsani, ƙafafu a ƙasa suna ta tuƙa keken da babu shi, hannuwa suna fifita ruwa. Shekaru nawa ina nutso a haka, babu wanda ya taɓa faɗa mini. Mutumina ma a haka yake, shi ya sa.

Nan ta faɗi maganar tata. Na ji zafi, na ce, "Malama, ai yau na fara sa silinda biyu." Ta ce ta sani, ba bawul ɗin ne ya dame ta ba, wannan makonni kaɗan kafaɗa za ta saba. Abin da ta gani shi ne da zarar an ba hannuna aiki sai zurfi ya kuɓuce mini. Ta ce in ɗauka ina zangon ƙarshe a mita 6 ina shaƙar oksijin zalla, saura minti 20 a kaina. In na nutse mita biyu na haura iyakar oksijin. In na taso na fasa rufin da kwamfutar hannuna ta shata mini, naitirojin ya yi kumfa a jini. "A nutson da ka saba, in abu ya ɓaci sai ka nufi sama. A wannan, sama a rufe take sai ka biya bashinka. Duk matsalar da ta taso a nan inda kake za ka warware ta, kana tsaye wuri ɗaya."

Ta ce in ina so, mu fara da kwas ɗin share fage a ruwa marar zurfi, in je in yi nutso ashirin ko talatin da kayan nan, sannan mu zauna zancen zango. Wata nawa, ba ta sani ba, jikina ne zai faɗa. Ba ta ce in sayi komai ba. Ta ma ce kada in saya sai na gwada nata na ga wanda ya zauna mini.

Na yi godiya da baki, zuciyata kuwa tana tafasa. A mota har na fara tsara abin da ya kamata in mayar mata.

Uwargida ta ga fuskata ta ce, "Wa ya taɓa ka?" Na kwashe labari na ba ta, ina jiran ta taya ni jin haushi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wato ɗaya ya ce ka iya, ɗaya ta sa ka a ruwa ta duba." Ta juya ta ci gaba da abin da take yi. Ba ta son zancen tek ɗin nan tun asali, kun sani, amma yau na lura ba ta ce in bari ba.

Mutumina ya kira da daddare. Shi wurin farko yake so, wai hutunsa kwana biyar ne, ba shi da watannin da zai yi yana wasa a tafki. Ya ce matar nan neman jan kwas take yi. Na ji kaina ina kare ta, ni da na wuni ina cin mutuncinta a raina. Muka yi sallama sama-sama. Abin da ban faɗa masa ba, in ya je can ya karɓo katinsa cikin kwana huɗu, ranar da muka haɗu a mita 45 shi ne zai miƙo mini tiyo in tawa iskar ta yanke. Ban san yadda ake faɗa wa abokin shekara goma irin wannan ba.

 



Na rubuta wa Malama saƙo sau uku ina gogewa. Na farko ya yi tsawo, duk bayanin kare kai ne. Na biyu ya yi kama da na mai fushi. Na ukun layi ɗaya ne, na tambaye ta wace rana take da sarari a mako mai zuwa. Na tura ƙarfe sha ɗaya da rabi, ba ta buɗe ba tukuna.

Kafin Auta ya kwanta ya same ni a gaban madubi, gwiwar hannu a sama, ina ƙoƙarin taɓa tsakiyar bayana. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Baba, ƙaiƙayi ne? Kawo in sosa maka." Na ce ya je ya kwanta. Saura kamar yatsa uku in kai.