Kuɗin jami'ar 'ya'ya da kuɗin tsufa daga aljihu ɗaya suke fita

Yawancinmu an shimfiɗa mana hanya tun ba mu san kanmu ba: ka yi karatu ka samu digiri, ka kama aiki, ka yi shekara talatin ko arba'in kana yi, sannan ka ajiye ka ci fansho. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, jami'a da ritaya kan taru a wuyan mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Shekarun da ɗanka zai shiga jami'a su ne shekarun da albashinka ya fi tsoka, kuma su ne damarka ta ƙarshe ta tara abin tsufa. Ni yanzu a nan nake, shekaruna sun doshi hamsin, babbar 'yata tana shirin shiga.

Wannan tsari ba daɗaɗɗe ba ne kamar yadda muke zato. A 1889 Jamus ta kafa fanshon tsufa a zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, sai mutum ya kai shekara 70 yake karɓa. A 1916 aka sauko da shi 65. Amurka ta bi sahu a 1935, ita ma a kan 65. Yau mutane da yawa na yin shekara ashirin ko fiye bayan ajiye aiki, shi ya sa gwamnatoci ke ta matsar da ranar gaba. Da Faransa ta yi dokar ɗaga shekarun daga 62 zuwa 64 a 2023, jama'a sun cika tituna. China ma tun Janairun 2025 ta fara ɗaga na maza a hankali daga 60 zuwa 63.

Abin da ya fi damuna ba shekarun ba ne. Da can wurin aiki ne ke yi maka alkawarin abin da za ka riƙa karɓa har ƙarshen rayuwa. Sannu a hankali aka koma asusun kai da kai: Chile ta yi haka a 1981, Amurka kuma da tsarin 401(k), wato asusun ajiyar ritaya na ma'aikaci, da ya samo asali daga dokar haraji ta 1978. Abin da ka zuba, da abin da kasuwa ta yi da shi, shi ne naka. In ta faɗi, kai ta faɗa wa. Ta ɓangaren karatu ma nauyin ya dawo kan iyali. Ingila ta sa kuɗin jami'a fam 1,000 a 1998, zuwa 2012 ya kai fam 9,000 a shekara. Bashin ɗalibai a Amurka ya haura dala tiriliyan 1.7. Jamus kuwa zuwa 2014 ta soke kuɗin a jami'o'in gwamnati, amma ko a can akwai haya da littattafai, da shekarun da yaro zai yi bai samo komai ba.

Akwai wani abokin aikina da ya kwashe duk ajiyarsa ya biya wa 'ya'yansa jami'a. In an yi masa magana sai ya ce, “Ai su ne fanshona.” Bayan ya yi ritaya na je gaishe shi, na tarar yana juya waya a hannu, yana jiran saƙon banki daga babban ɗansa, wanda shi ma bai daɗe da samun aiki ba, ga mata ga jariri. Ba wanda ya yi laifi a cikinsu. Amma yaron nan bai isa ya canza aiki ko ya koma karatu ba, domin gida biyu ke kallon albashinsa. Na tausaya wa uban, na fi tausaya wa ɗan.

Saboda haka na zaunar da 'yata, na ɗauko takarda na ja layi a tsakiya. Na nuna mata wani lissafi mai sauƙi: ki raba 72 da yawan ribar shekara, za ki ga tsawon lokacin da kuɗi ke ɗauka kafin su ninka. Jarin da ke kawo kashi 6 cikin ɗari yana ninkawa a kusan shekara 12. Hauhawar farashi ta kashi 12 kuwa tana cinye rabin darajar kuɗi a kusan shekara 6. Duk abin da na ciro daga asusun tsufa yau, ba ni da sauran shekarun da zan mayar da shi.

Ta yi shiru, sannan ta ce, “Baba, ke nan ba za ka iya ba?” Na ce zan iya, amma ga iyaka. Zan biya kuɗin makaranta da wurin kwana daga albashi, ba zan taɓa fansho ba, kuma ba za mu ci bashin da zai bi ta har bayan aure ba. Jami'ar da ta fi so ta fi ƙarfin wannan lissafi, sai in ta samu tallafin karatu. Ta cike takardun neman tallafin, ta kuma nemi gurbi a wata jami'ar da za mu iya ɗauka ko ba a ba ta ba.